Babur Ducati 916: Ƙirarsa da Halinsa a Kan Hanya

Gabatarwa

Idan aka ambaci babur a ƙasar Hausa, abin da yakan fara zuwa a zuciya shi ne abin hawan nan na yau da kullum, wanda ake kai yara makaranta da shi, ko a ɗauko buhun masara daga ƙauye, ko a yi acaba a ciyar da iyali. Irin wannan babur an ƙera shi ne don ya yi juriya, ya sha mai kaɗan, kuma kowane bakanike na bakin titi ya iya kwance shi ya mayar. Amma akwai wani jinsin babur da maƙeransa ba su damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Burinsu guda ne, wato a samu abin hawan da zai zagaya filin tsere cikin ɗan lokaci fiye da na kowa, sannan a maƙala masa fitila da madubi a sayar wa mai hali. Ƙasar Italiya ta yi fice wajen ƙera irinsu, kuma daga cikin waɗanda ta fitar babu wanda sunansa ya kai na Ducati 916, wanda aka nuna wa jama'a a bikin baje kolin babura na birnin Milan a ƙarshen shekarar 1993, aka fara sayar da shi a 1994.

Mahaya sukan ce kowane babur da halinsa, kamar yadda masu dawaki kan ce wannan doki mai saurin fushi ne, wancan kuwa mai ladabi. Halin babur ba daga sama yake faɗowa ba. Yana fitowa ne daga zaɓin da injiniyoyi suka yi tun a kan takarda, kuma duk zaɓin da ya ba babur wani alheri sai ya karɓi wani abu a madadinsa. A jikin 916 ana iya bin wannan ciniki dalla-dalla, daga cikin inji har zuwa wuyan hannun mahayi.

Gidan da ya fito

Kamfanin Ducati bai fara da babur ba. A shekarar 1926 ne Antonio Cavalieri Ducati da 'ya'yansa uku, Adriano da Bruno da Marcello, suka kafa shi a birnin Bologna don ƙera kayan rediyo. A 1935 suka aza harsashin babbar masana'anta a unguwar Borgo Panigale, wadda jiragen yaƙi suka ragargaza a 1944. Bayan yaƙi, mutanen Italiya na cikin talauci da buƙatar abin hawa mai araha, sai kamfanin ya shiga ƙera wani ɗan ƙaramin inji mai si-si 48 da ake ɗaura wa keke, mai suna Cucciolo, wato ɗan kwikwiyo. Wannan ya faru a 1946.

Mutumin da ya sauya alƙiblar kamfanin shi ne injiniya Fabio Taglioni, wanda ya kama aiki a 1954. Abubuwa biyu da aka san Ducati da su, wato tsarin bawul ɗin da ba ya dogara da sifirin da kuma inji mai silinda biyu a siffar harafin L, duk a hannunsa suka kafu. A 1985 kamfanin Cagiva na 'yan'uwa Castiglioni ya sayi Ducati a lokacin da yake tangal-tangal, kuma a ƙarƙashinsu ne aka haɗa aikin mutum biyu da suka haifar da 916: Massimo Bordi, wanda ya sabunta injin, da Massimo Tamburini, wanda ya zana jikin.

Bawul ɗin da ba a bar wa sifirin ba

Kafin a fahimci abin da Ducati ya yi, wajibi ne a san yadda injin fetur mai bugu huɗu yake aiki. A cikin silinda akwai fistin da ke hawa da sauka. A bugu na farko yana sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. A na biyu yana hawa ya matse su. A na uku filogi ya ba da tartsatsi, abin ya kama da wuta, ƙarfin fashewar ya tunkuɗa fistin ƙasa. A na huɗu ya sake hawa ya kore hayaƙi. Ƙofofin da iska ke shiga, hayaƙi ke fita, su ake kira bawul, kuma dole kowace ta buɗe ta rufe a daidai lokacinta. A mafi yawan injuna, wani sandan ƙarfe mai ƙusumbi da ake kira kamshaf shi ke danna bawul ya buɗe, sifirin kuma ya dawo da shi ya rufe.

Muddin inji na tafiya a hankali, wannan tsari ba shi da aibu. Matsalar takan taso ne idan gudu ya yi yawa. Injin 916 yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a juyi 9,000 cikin minti ɗaya, wato juyi 150 a daƙiƙa guda, kuma tun da sau ɗaya kowane bawul ke buɗewa a juyi biyu, ke nan sau 75 yake buɗewa ya rufe a cikin daƙiƙa. A irin wannan gudu sifirin yana iya kasa dawo da bawul a kan kari. Bawul ɗin sai ya riƙa shawagi, bai rufe ba bai buɗe ba, ƙarfin inji ya zube, idan abin ya yi muni fistin ya haɗu da shi a hanya, inji ya tarwatse. A shekarun 1950, lokacin da ƙarfen sifirin bai kai ingancin na yanzu ba, wannan babbar damuwa ce ga masu tsere. Idan aka ce a sa sifirin mai tauri, shi ma yana cin ƙarfin inji wajen danna shi, yana kuma cinye ƙarfen da ke gogayya da shi.

Maganin da Taglioni ya ɗauka shi ne a sallami sifirin daga wannan aiki. Ya ba kowane bawul hannuwan ƙarfe biyu da ƙusumbi biyu: ɗaya ya tura shi ya buɗe, ɗaya ya jawo shi ya rufe. Ta haka bawul ba shi da zaɓi sai bin umarnin kamshaf, komai gudun inji. Ana kiran tsarin desmodromik, ko desmo a taƙaice, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar ɗauri da kuma hanya. Ba Taglioni ya ƙago dabarar ba, domin kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya yi amfani da ita a motar tserensa ta 1954. Abin da ya yi shi ne ya sa ta a ƙaramin babur na tsere mai si-si 125 a 1956, sannan a 1968 ta shiga baburan da ake sayarwa a kasuwa. Daga baya Bordi ya faɗaɗa tsarin ya zama bawul huɗu a kowace silinda, ya ƙara sanyaya inji da ruwa da lagireto, ya maye gurbin kafireto da na'urar fesa mai wadda kwamfuta ke sarrafawa. Wannan inji ya fara fita a babur 851, ya wuce zuwa 888, kafin ya iso 916.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. A injin da ke da sifirin, giɓi ɗaya ake aunawa a kowane bawul. A desmo biyu ne, na buɗewa da na rufewa, kuma ana daidaita kowanne da 'yan ƙananan ƙarafa masu kauri daban-daban, waɗanda bambancinsu bai kai kaurin farce ba. Injin 916 yana da bawul takwas, saboda haka awo goma sha shida ke jiran bakanike duk lokacin da aka buɗe shi, kuma ana buƙatar wannan dubawa bayan kimanin kilomita 10,000. Ga kuma bel mai haƙora da ke juya kamshaf, wanda dole a canza shi a kan lokaci ko da babur na ajiye ne, domin roba tana tsufa. Idan bel ya tsinke inji na gudu, bawul da fistin sai sun yi karo. Wannan ne ya sa a wajen masu sayen tsohon 916, takardun da ke nuna tarihin gyaransa sun fi ƙyallin fentinsa daraja.

Silinda biyu a siffar L

Manyan baburan gudu na ƙasar Japan a wancan zamani silinda huɗu suke da su, a jere kamar 'yan makaranta a kan benci. Ducati kuwa biyu ya riƙe tun daga babur 750 GT na 1971. Ɗaya tana kwance tana fuskantar tayar gaba, ɗaya tana tsaye, tsakaninsu kusurwa mai digiri 90. A 916 faɗin kowace silinda milimita 94 ne, zirga-zirgar fistin kuma milimita 66, wanda ya ba da jimillar si-si 916, inda sunan ya samo asali. Ƙarfinsa ya kai na doki 114. Don a gane girman abin, babur ɗin acaba mai si-si 100 bai kai ƙarfin doki goma ba.

Wannan kusurwa ta digiri 90 tana da hikima. Fistin mai hawa da sauka yana girgiza inji, amma idan aka jera biyu a haka, nauyin da aka ɗora a jikin karanshaf yana iya kashe babbar girgizar duka biyun, ba tare da an ƙara wani sandan daidaito ba. Bayan haka injin siriri ne, faɗinsa bai fi na mai silinda ɗaya da yawa ba, don haka babur ɗin yakan ratsa iska cikin sauƙi, kuma yana iya kwantawa sosai a kwana ba tare da inji ya taɓa ƙasa ba.

Abin da ya fi shafar mahayi shi ne yadda wutar ke tashi. Silindojin biyu ba sa bugawa a tazara ɗaya. Bayan ta farko ta buga, karanshaf yakan juya digiri 270 kafin ta biyu, sannan ya juya digiri 450 kafin a dawo kan ta farko. Wannan ɗingishi shi ke ba Ducati amonsa mai kauri, wanda ya fi kama da kiɗan ganga a kan kukan injin silinda huɗu mai kama da busa. Kuma saboda kowane bugu babba ne, ƙarfin jan babur yana zuwa tun inji bai kai ƙololuwar gudunsa ba. Masu tsere da yawa sun yi imani cewa ɗan hutun da ke tsakanin bugu da bugu yana ba tayar baya damar sake kama kwalta, shi ya sa mahayin Ducati kan riga abokan hamayyarsa murɗa totur a bakin fita daga kwana. Illar tsarin ita ce tsawo. Silindar da ke kwance tana neman wuri a bayan tayar gaba, tana tura inji baya, kuma babur mai tsawo yana da nauyin juyawa.

Aikin Tamburini

Massimo Tamburini mutumin Rimini ne, kuma yana cikin mutum uku da suka kafa kamfanin Bimota, wanda ya yi suna wajen ƙera firam, wato ƙashin jikin babur. A cibiyar bincike ta Cagiva da ke San Marino ya zana 916. A lokacin kamfanonin Japan sun koma yin firam da manyan ginshiƙan alminiyam guda biyu. Shi kuwa ya tsaya a kan gadon Ducati, wato gajerun bututun ƙarfe da aka yi wa walda a siffar alwatika, kamar saƙar ƙarafan da ke riƙe da rufin babban ɗakin taro. Alwatika ba ta lanƙwasa cikin sauƙi, saboda haka ana samun ƙarfi ba tare da nauyi ba. Shi kansa injin an mayar da shi wani ɓangare na ƙashin, yana ɗaukar nasa rabo na nauyi da murɗiya. Da irin wannan matsi Tamburini ya tsuke tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu zuwa milimita 1,410, wadda gajera ce ga babur mai irin wannan inji.

Sauran abubuwan da suka sa ake gane 916 daga nesa duk suna da dalili na aiki. Salansa biyu an cusa su a ƙarƙashin sirdi, don kada su taɓa ƙasa a kwana, kada kuma su tare iska. Tayar baya hannu ɗaya ne ke riƙe da ita ta gefen hagu, yadda za a iya cire ta cikin gaggawa a tseren dogon zango ba tare da an taɓa sarƙa ba. Ƙofofi biyu da ke ƙarƙashin fitilun gaba suna kai iska kai tsaye zuwa inji. Hatta kusurwar wuyan babur ana iya sauya ta kaɗan, gwargwadon filin da za a yi tsere. An san cewa Tamburini ya ɗauki wasu daga cikin waɗannan dabaru daga babur NR750 na kamfanin Honda, amma yadda ya haɗa su ya sa aka manta da na farkon. A 1998 gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke Amurka ya sa 916 cikin baburan da ya baje a matsayin aikin zane.

Halinsa a ƙarƙashin mahayi

Wanda ya fara hawan 916 a cikin gari ba zai ga abin yabo ba. Sirdin yana da tsawo da tauri, madafar hannu tana ƙasa, matakan ƙafa suna sama kuma can baya, saboda haka mahayi yana durƙushe ne a kan tanki, nauyin ƙirjinsa duka a kan wuyan hannu. Kan babur ɗin ba ya juyawa da nisa, don haka juyowa a ƙaramin titi aiki ne. Madubai sun fi nuna gwiwar hannu a kan abin da ke baya. Giyar farko doguwa ce, kuma idan juyin inji ya yi ƙasa sai babur ya riƙa fizga kamar dokin da aka matsa wa linzami. Kulocinsa busasshe ne, ba ya cikin baƙin mai kamar na sauran babura. Amfanin haka a filin tsere shi ne ana canza shi da sauri, kuma ƙurarsa ba ta gurɓata mai. A cikin gari kuwa yana da taurin matsawa, yana kama da gaggawa, yana kuma ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, har wanda bai sani ba ya zaci inji ne ya lalace. A cunkoso, zafin salansa yana dafa sirdi daga ƙasa.

Da zarar hanya ta buɗe, waɗannan aibobi sai su juye su zama alheri ɗaya bayan ɗaya. Iskar da ke bugun ƙirji tana ɗauke nauyi daga wuyan hannu. Durƙuson da ya gajiyar da mahayi shi ne ke danna tayar gaba a ƙasa, yana sa ya ji duk abin da ke faruwa tsakanin roba da kwalta. Taurin shokozoba, wanda ke jijjiga ƙashi a hanya mai ramuka, shi ke hana babur lilo idan aka taka birki da ƙarfi. Birkin kuwa na kamfanin Brembo ne, mai faifai biyu a gaba.

Abin da mahaya suka fi yabawa shi ne halinsa a tsakiyar kwana. Babur mai gudu ba a juya shi kamar yadda ake juya keke a tsakar gida. Mai son shiga kwanar hagu yakan ɗan tura madafar hagu gaba, tayar ta karkata dama na ɗan lokaci, babur ya kwanta hagu, kwanciyar ce kuma ke yin kwanar. 916 yana buƙatar a yi masa wannan turi da niyya, ba ya faɗawa kwana da kansa. Amma idan ya kwanta, yakan riƙe layin da aka ɗora shi a kai ba tare da tangaɗi ba, kuma yawan gudu ƙara masa natsuwa yake yi. Babur ne mai saka wa wanda ya yanke shawara tun kafin ya isa kwana, mai kuma wahalar da mai shakka.

A nan ne haɗarinsa yake. Gudunsa ya haura kilomita 250 a sa'a, wato kusan mita 70 a kowace daƙiƙa. Nisan da ake buƙata kafin a tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: idan gudu ya ninka biyu, nisan birki yakan ninka huɗu. Kuma 916 ba shi da na'urar hana taya kullewa, ba shi da mai hana ta sulɓewa. Tsakanin doki 114 da kwalta babu kowa sai hannun daman mahayi. Natsuwar da babur ɗin ke nunawa a babban gudu tana iya yaudarar wanda bai ƙware ba, ya ɗauka gwanintarsa ce, alhali ta Tamburini ce. An auna wannan babur ne da filin da babu mai tsallaka titi, babu yashi a kwana, babu motar da ke tahowa ta gaba.

A fagen tsere

Gasar duniya ta manyan baburan kasuwa, wadda aka fara a 1988, ita ce ainihin gidan 916. Carl Fogarty ɗan Ingila ya ci kambun da shi a 1994 da 1995, Troy Corser ɗan Ostareliya ya ci a 1996, Fogarty ya sake ci a 1998, sannan da magajin babur ɗin mai jiki iri ɗaya da inji mafi girma Fogarty ya ci a 1999, Troy Bayliss kuma, shi ma ɗan Ostareliya, ya ci a 2001. Adalci ne a faɗi cewa doka ta taimaka. A lokacin an yarje wa mai silinda biyu ya kai si-si 1,000, mai huɗu kuwa an tsayar da shi a 750, kuma abokan hamayya sun daɗe suna ƙorafi a kan haka. Kamfanin Honda ya gaji da ƙorafi ya ƙera nasa mai silinda biyu, Colin Edwards ɗan Amurka ya ci gasar da shi a 2000 da 2002.

Abin da ya biyo baya

Jikin da Tamburini ya zana ya ci gaba a 996 da 998 har zuwa 2004. Shi kansa ya rasu a 2014, Taglioni kuwa tun 2001. Kamfanin ya koma hannun Audi na Jamus a 2012, shekarar da Panigale 1199 ya shiga kasuwa ba tare da firam ɗin bututu ba. A 2018 aka fitar da Panigale V4 mai silinda huɗu, si-si 1,103 da ƙarfin doki 214, kusan ninki biyu na 916, tare da kwamfutar da ke auna kwanciyar babur tana rage wuta ko birki kafin taya ta sulɓe. Sigar da aka nuna a 2024 ta ajiye hannu ɗayan nan na tayar baya, ta koma hannu biyu.

Ko desmo ma zamani ya taɓa shi. Ƙarfen sifirin ya inganta har matsalar da Taglioni ya yi wa magani ta ragu ƙwarai a baburan titi. Ducati ya riƙe tsarin a Panigale V4 da kuma baburansa na gasar MotoGP, inda Casey Stoner ya ci masa kambu a 2007, Francesco Bagnaia kuma a 2022 da 2023. Amma injin Multistrada V4 da aka nuna a 2020 da sifirin yake aiki, kuma sai bayan kilomita 60,000 ake duba bawul ɗinsa. A ƙarshen 2024 kamfanin ya gabatar da sabon inji mai silinda biyu a kusurwar nan ta digiri 90, shi ma da sifirin. Girmansa si-si 890 ne, ƙasa da na 916, ƙarfinsa kuma doki 120.